Tsani Biyu Ne a Ƙwallon Yara: Na Shekaru da Na Iyawa



Duk lokacin da aka yi hutu, za ka ga an liƙa takarda a jikin bango ko a shagon mai cajin waya, cewa za a yi gasar cin kofi ta 'yan ƙasa da shekara 13 ko ta 'yan ƙasa da shekara 15, kowace ƙungiya ta kawo kuɗin rajista. Daga Dakata zuwa Kawaji, Sauna, Gama da Tudun Murtala, da wuya ka sami unguwar da ba a yin irin wannan gasa. Amma ranar da aka take wasa, sai ka ga mai tsaron bayan "'yan sha uku" da alamar ya aske gemu da safe. 'Yan sha ukun gaskiya kuwa suna bakin layi, aikinsu ɗauko ƙwallo idan ta fita. Mun saba da abin har ya zama abin dariya. To me ya sa ma tun farko ake raba yara rukuni-rukuni, kuma me ake rasawa idan aka karya wannan tsari?

A wasan yara tsani biyu ne. Na farko tsanin shekaru: 'yan ƙasa da 13, 'yan ƙasa da 15, 17, 20, 23, sannan manya. Na biyu tsanin iyawa: a cikin sa'anni, akwai mai wasa don nishaɗi, akwai ɗan ƙungiyar unguwa, akwai wanda ya kai ya wakilci makaranta, ko jiha, ko ƙasa. Bambancinsu shi ne, tsanin iyawa ana hawa ana sauka. Kano Pillars da kanta, wadda ta ci kofin gasar Najeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta sake hawowa a 2023. Babu wanda ya ce Masu Gida sun yi maguɗi, haka tsarin yake. Tsanin shekaru kuwa hawa kawai ake yi. Ana iya ɗaga yaro sama idan ya fi sa'anninsa, kamar yadda Barcelona ta sa Lamine Yamal a cikin manya a 2023 yana da shekara 15. Amma ba a sauko da babba cikin yara. Rage shekaru shi ne mutum ya sauko a tsanin da ba a yi shi don sauka ba, kuma duk wanda ya sauko, a kan wani yake dirowa.

Domin a ga yadda tsanin biyu ke aiki idan an bi su sosai, zan kai ku nesa, wurin wani wasa da ba ma yin sa a Kano, wato hokin ƙanƙara. A ƙasar Kanada wannan wasa shi ne kamar ƙwallon ƙafa a wurinmu. Filinsa ƙanƙara ce shimfiɗe, sumul kamar an goge tayil. (Ku tuna kuɗin ƙanƙara ƙulli ɗaya da azumi, sannan ku yi tunanin fili guda.) 'Yan wasa suna sa takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasansa, suna sulɓi da shi da gudun tsiya. Kowa na riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki, suna korar wani ɗan faifan roba baƙi mai tauri zuwa raga. Mutum shida ne a kowane ɓangare har da gola, kuma manya suna yin zango uku na minti ashirin-ashirin. Kowa da hular kwano da kariya a gwiwa da kafaɗa, domin faɗuwa a kan ƙanƙara ba wasa ba ce. A Afirka ma akwai masu yi, misali a Nairobi ta Kenya akwai ƙungiya da ke atisaye a filin ƙanƙara na cikin wani otal.

Abin da ya ja hankalina shi ne rabonsu. A Kanada yaro yana farawa a rukunin 'yan ƙasa da shekara 7, ya wuce na 9, na 11, na 13, na 15, sannan na 18. Kusan duk bayan shekara biyu ya canja rukuni, kuma shekarar da aka haife shi ake dubawa, ba girman jikinsa ba. A kowane mataki wasan da kansa yana canjawa. Ƙananan ba sa wasa a dukkan filin, ana raba shi biyu ko a yi wasa a faɗinsa, domin kowane yaro ya riƙa taɓa faifan akai-akai maimakon ya ƙare lokacinsa yana bin iska. Akwai kuma wata dabara da manya ke yi, ta bangaje abokin karawa da kafaɗa ko ƙugu don a raba shi da faifan. Da can ana barin 'yan shekara 11 da 12 su yi ta a wasu lardunan. Sai masu bincike suka kwatanta lardin Albata, inda ake bari, da lardin Kwibek, inda ba a bari a wannan shekarun, suka ga raunuka a Albata sun kai kusan ninki uku, har da bugun kai mai jijjiga ƙwaƙwalwa. A 2013 hukumar hokin Kanada ta hana bangaza ga 'yan ƙasa da 13. Amurka ta riga ta yin haka tun 2011.

Ku lura da wannan: waɗannan yara sa'annin juna ne, kuma duk da haka aka ga haɗari. Ina ga ɗan shekara 13 da aka haɗa shi da ɗan shekara 20 a filin da ba ciyawa, sai tsakuwa da fasassun kwalabe?

Sai tsani na biyu. A cikin kowane rukunin shekaru, akwai gasar gida, wadda duk yaron da ya yi rajista zai buga, ko ya iya ko bai iya ba, kuma ana ƙoƙarin ba kowa lokaci daidai. Sama da ita akwai ƙungiyoyin da sai an gwada yaro kafin a ɗauke shi, ana kiran matakansu A, da AA, da AAA wanda shi ne ƙololuwa. Ke nan 'yan shekara 12 guda biyu suna iya zama a aji ɗaya, wannan yana AAA yana yawon gasa gari-gari, wancan yana gasar gida ranar Asabar, kuma dukansu suna da riga da lamba da koci. Wanda aka bari a baya bana yana iya hawowa baɗi. Ba ina cewa komai nasu daidai ba ne. Kayan wasan suna da tsada ƙwarai, kuma matakin AAA ya fi ƙarfin talaka ko a can. Mu da silifa biyu mun yi raga, a nan mun fi su sauƙi.

Akwai wani abin mamaki da aka gano a hokin. A shekarun 1980, wani masani ɗan Kanada mai suna Roger Barnsley ya lura cewa a cikin manyan 'yan wasan, waɗanda aka haifa a Janairu da Fabrairu da Maris sun fi na ƙarshen shekara yawa nesa ba kusa ba. Ba wai watan ne ke da sa'a ba. Tun da ana yanke rukuni daga 1 ga Janairu, yaron Janairu ya girmi na Disamba da kusan shekara guda alhali suna rukuni ɗaya. A shekara tara ko goma, wata goma sha ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, ya fi shi tsayi, ya fi shi gudu. Sai koci ya zaɓe shi, ya sami atisaye mai kyau, ya ƙara gaba, a ce ai baiwa ce. Daga baya an ga irin wannan a ƙwallon ƙafa ma. To idan wata goma sha ɗaya na iya ɓatar da yaro mai basira, ku lissafa abin da shekara biyar ko shida ke yi.

Mu dawo gida. Ƙwallon ƙafa ma tana da dokokin da ke tafiya da shekaru, sai dai ba mu cika bin su ba. Ƙwallon manya ita ce lamba 5, nauyinta giram 410 zuwa 450. Yara 'yan firamare lamba 4 ya kamata su buga, ƙanana sosai kuma lamba 3. Ragar manya faɗinta mita 7.32, tsayinta mita 2.44. Ka sa ɗan aji ɗaya a cikinta a matsayin gola, duk wanda ya ɗaga ƙwallo sama ya ci, ba sai ya iya ba. Shi ya sa a ƙasashe da yawa ake fara yara da biyar-biyar, sannan bakwai-bakwai, sannan tara-tara, a ƙaramin fili da ƙaramar raga, sai sun kai kamar shekarunmu su shiga sha ɗaya-sha ɗaya. A Amurka tun 2015 an hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai. Abin dariyar shi ne, 'yar ƙwallon da muke yi a lungu, uku-uku ko huɗu-huɗu da duwatsu a matsayin raga, ta fi kusa da abin da masana ke so a kan babbar gasar da ake tara mu a filin manya.

A matakin ƙasa tsanin a fili yake. Golden Eaglets su ne 'yan ƙasa da 17, Flying Eagles 'yan ƙasa da 20, sai 'yan ƙasa da 23 masu zuwa gasar Olamfik, waɗanda suka ciyo zinare a Atlanta a 1996, sannan Super Eagles. Mata ma suna da nasu: Flamingos, Falconets da Super Falcons. Flamingos sun zo na uku a gasar duniya a Indiya a 2022. A ƙasa da wannan akwai gasar wasannin matasa ta ƙasa ta 'yan shekara 15 zuwa ƙasa, wadda aka yi shekaru ana yi a Ilori kafin a koma Asaba. A nan Kano kuma muna da Kofin Ramat, wanda ƙungiyar YSFON ke shiryawa, jihohi su turo yaransu, don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976.

Babu ƙasar da ta kai Najeriya cin kofin duniya na 'yan ƙasa da 17. Sau biyar muka ɗauko shi: 1985 a Sin, lokacin gasar ta 'yan ƙasa da 16 ce, sai 1993 a Japan, 2007 a Koriya ta Kudu, 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da 2015 a Chili. Nwankwo Kanu ya fito daga tawagar 1993, Kelechi Iheanacho daga ta 2013 wadda Manu Garba ya horar, Victor Osimhen daga ta 2015 inda ya zura ƙwallo goma. Abin alfahari ne. Amma akwai ɗaya ɓangaren labarin da ba a son faɗa. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa da aka kai Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya. Har gasar duniya ta matasa ta 1991 da aka ba mu mu karɓi baƙunci aka ƙwace, aka kai Fotugal. Sai a 1999 muka samu, kuma Kano na cikin garuruwan da aka buga.

A 2009 gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta zo Najeriya, an buga wasu wasannin a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuma Suwizalan ta doke mu da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe a Abuja. A wannan gasar ce FIFA ta shigo da gwajin shekaru da na'urar MRI. Ga yadda yake, kuma malamin kimiyya zai iya ƙara mana bayani. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai wani siririn guringuntsi, daga nan ƙashi ke ƙara tsawo. Idan girma ya ƙare sai wurin ya haɗe ya zama ƙashi zalla. Na'urar tana ɗaukar hoton wuyan hannu, likitoci su duba, su ba da mataki daga 1 zuwa 6. Wanda ya kai mataki na 6, wato ƙashinsa ya gama haɗewa, ana ɗaukar ya wuce 17. Takarda tana iya yin ƙarya, ƙashi bai san wannan ba.

A 2016, shekara ɗaya bayan kofin Chili, 'yan wasa 26 suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar. Da waɗanda suka rage aka ci Nijar ɗaya da nema a Abuja, aka je Yamai suka rama da ci 3 da 1, suka fitar da mu. Masu riƙe da kofin duniya ba su ko je gasar Afirka ba. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a ganina abin da ya fi ciwo ba faɗuwar ba ce. Gurbi 26 ne da 'yan sha biyar da sha shida na gaskiya za su yi watanni suna koyo a cikinsu, aka ba wasu.

Gwajin shi ma ba waliyyi ba ne. Bai san ranar haihuwarka ba, girman ƙashi kawai yake gani. Wani yaron jikinsa na saurin girma, sai a kore shi alhali gaskiya ya faɗa. Wani kuma ya wuce shekarun amma ƙashinsa bai haɗe ba, sai ya tsallake. Ga mata abin ya fi rikitarwa, tun da sun fi maza saurin kammala girma. Kuma ba ya raba ɗan 13 da ɗan 15. Ga tsada, babu mai shirya gasar unguwa da zai kai yara ɗari asibiti. Shi ya sa a nan ake tantancewa da ido: a dubi fuska, a dubi ƙwauri, wani lokaci a tsayar da yara a jikin bango a auna tsayi. Wannan kuma dogon yaro yake cuta, ya bar gajeren babba. Kowa a cikinmu ya san wani gajere da ya shekara biyar yana ɗan sha huɗu.

Ya kamata a yi adalci, ba duk mai shekarun da ba daidai ba ne maƙaryaci. Da yawa an haife su a gida, ba a yi musu rajista ba, iyaye kuma suna lissafi da abin da ya faru, a ce shekarar da aka yi ambaliya ko shekarar da Baba ya je Makka. Sai ranar da ake buƙatar takarda a je a yi ta rantsuwa, a rubuta abin da ya zo baki. Wasu kuma da gangan suke yi, kuma dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Saurayi ɗan shekara 22 da ke aikin kwana a kamfani a Bompai ko Sharaɗa, ya taso da safe ya tafi atisaye, ya san masu neman 'yan wasa ba sa kallon ɗan 22. Ɗan 16 suke so. Babu wata gasa mai kyau ta sa'anninsa da za a gan shi a ciki, sai ya sauko cikin yara. Koci ma yana son kofi, unguwa na son a yi zagaye da ganga. Ka ga matsalar tsani na biyu ce ta haifi ta farko: da akwai matakai da yawa ga kowane rukuni, da babba bai rasa wurin bugawa ba.

Shi kansa mai ragewar bai tsira ba. A cikin yara zai yi ta haskawa da ƙarfi kawai, ba zai koyi dabara ba tun da ba ya buƙatarta. Ranar da yaran suka kamo shi a jiki sai a ga babu komai. Yaron da aka ture kuwa yawanci ba ya dawowa. Wanda ya yi shekara biyu a benci, ko aka karya masa ƙafa a karon da ba na sa'ansa ba, gidan kallon ƙwallo yake komawa, ya zama mai gardamar Madrid da Barsa. A kan takarda, Osimhen haihuwar 29 ga Disamba, 1998 ne, kuma gasar 2015 ta waɗanda aka haifa daga 1 ga Janairu, 1998 ce, wato yana cikin ƙananan shekararsa. Ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 2023. Da wani koci ya ajiye shi saboda wani mai faɗin ƙirji, da shi ke nan.

Ga mai son sanin rukuninsa, lissafin ba wuya. A gasannin FIFA ana cire adadin rukunin daga shekarar gasar. 2015 a cire 17, saura 1998, to duk wanda aka haifa daga ranar farko ta 1998 zuwa sama ya cancanta. A gasar unguwa ko ta makaranta, a tambayi masu shiryawa ranar yankewarsu tun kafin a biya kuɗin rajista, kuma a ce su rubuta ta a jikin sanarwar. Wanda ba shi da takardar haihuwa ya yi wa mahaifinsa magana, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa, kuma ba don ƙwallo kaɗai za ta yi amfani ba. Ƙannenmu da ake haifa yanzu a yi musu tun suna jarirai, lokacin babu wanda ke da dalilin ƙara ko rage musu ko wata ɗaya.

A makaranta abin ya fi sauƙi, domin rajistar aji tana nan, kuma malamai sun san shekarar da kowa ya shigo. Roƙona ga Malam mai kula da wasanni, tare da girmamawa, abu uku ne. A raba ƙaramar sakandare da babba a gasar gidaje, har a ƙwallo, ba a tsere kaɗai ba. A kowane rukuni a yi ƙungiya ta ɗaya da ta biyu, a riƙa sake gwaji kowane zango domin na biyu ya san yana iya hawa, na ɗaya ya san yana iya sauka. Sannan a ware mana rana ɗaya a mako da yayyenmu na babbar sakandare ba za su karɓe fili ba. Idan aka raba filin gida biyu aka yi bakwai-bakwai, mutum 28 ne za su taka leda a lokaci guda maimakon 22, kuma ragar ba ta buƙatar komai sai sanduna huɗu a kowane ɓangare. Ƙwallo lamba 4 guda biyu ta ishi 'yan aji ɗaya, idan kuma kuɗin wasanni bai kai ba, ajinmu a shirye yake ya yi karo-karo.